Makahon Lauya a Talabijin: Gyara ga Sharhinku

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Na karanta sharhin da kuka buga a shafin nishaɗi, inda marubucin ya yi wa shirye-shiryen jaruman littattafan zane kuɗin goro, ya ce duk wasan yara ne. Ina roƙon a ba ni fili in kawo misali guda da ya saɓa wa wannan hukunci, wato Daredevil, wanda Netflix ya fara nunawa a watan Afrilun 2015.

Tun a 1964 Stan Lee da Bill Everett suka ƙirƙiro jarumin shirin, Matt Murdock, wanda ake kira Daredevil, a littattafan zane na kamfanin Marvel: yaro ne da wani sinadari ya zubo daga mota ya makantar da shi, ya girma ya zama lauya a unguwar Hell's Kitchen ta birnin New York, da rana yana kotu, da dare yana farautar miyagu. Abin da talabijin ta ƙara masa shi ne gajiya. A kashi na 2, ya kutsa wani siririn lungu cikin gida don ceto yaron da aka sace, kyamara ta bi shi kusan minti 3 ba yankewa, yana haki, yana jingina da bango, ya faɗi ya miƙe da ƙyar, waɗanda ya doke su ma suna sake tasowa. Baƙaƙen kaya ne a jikinsa da ƙyalle ɗaure a ido; jar rigar da masu karatu suka san shi da ita sai a kashi na 13 ta bayyana. Ga shi kuma ɗan ɗariƙar Katolika ne mai yawan zuwa wurin limamin cocinsu, yana tambayar ko dukan da yake yi wa mutane adalci ne ko huce haushi.

Inda nake da ƙorafi shi ne batun makantar. An nuna shi yana shafa rubutun makafi da yatsu, yana lalube da sanda, amma da zarar ya sha kwana sai ya yar da sandar ya haye rufin gidaje, har mai kallo ya fara ɗaukar makantar tamkar shigar burtu. Abin takaici ma, an saki shirin ba tare da muryar da ke bayyana wa makafi abin da ke faruwa ba, sai da aka yi ta ƙorafi kafin a saka ta bayan 'yan kwanaki.

Ina kuma fatan ku ja hankalin iyaye, domin kiran shirin wasan yara na iya sa a bar wa yara shi a waya. A kashi na 4, Wilson Fisk, babban mugun labarin, ya yi ta maka wa wani mutum ƙofar mota har kansa ya rabu da jikinsa.

Na gode.

Naku,
Mai karatu daga Zariya