Amsa ga Alhajin da ya tambayi nawa aka biya ni

Assalamu alaikum, Alhaji.

A taron iyaye da malamai na ranar Asabar na roƙi a ware mana awa ɗaya a mako don koya wa ɗalibai ilimin lafiyar ƙwaƙwalwa. Kana zaune a sahun gaba, ba ka ce uffan ba. Sai da daddare na ji muryarka a rediyo, ka kama sunana, ka jefo tambaya biyu: wai yaron da ya san Allah yana kashe kansa? Kuma wace ƙungiyar Turawa ce ta biya ni in cusa wa 'ya'yan Musulmi wannan tunani? A bainar jama'a ka tambaya, don haka a bainar jama'a zan amsa.

Maganar kuɗi ba za ta ci mini lokaci ba. Shekarata 19 da alli a hannu, har yau a adaidaita sahu nake zuwa aiki daga Kurna. 'Ya'yanka mata biyu ta ajina suka wuce, ka tambaye su. Kuma kowa ya san zaɓen shugabancin ƙungiyar iyaye ya ƙarato. Ba daidai ba ne ka nemi kujera da mutuncina.

Tambayar farko ce ta hana ni barci, domin ka taka kabarin da ba ka san da shi ba. Na taɓa yin wata ɗaliba a aji biyar, izu 40 ne a kanta, ita ke jan 'yan'uwanta tilawa da safe. Cikin zango ɗaya ta rame, ta daina magana, tana gyangyaɗi a aji, ta rarraba littattafanta kyauta. Ni da bakina na ce mata lalaci ne. A gida aka ce iska ce, aka yi ta hayaƙi. Bayan an kai ta makwancinta, ƙawarta ta zo ofis tana kuka, ta ce marigayiyar ta sha gaya mata "gara in huta," kuma ta sa ta rantse ba za ta faɗa wa kowa ba. Ƙawar ta riƙe amana kamar yadda muka koya mata. Ba wanda ya taɓa gaya mata cewa irin wannan sirri ba a riƙe shi. Wannan ne nake so a koyar, Alhaji. Ƙawa ce ke fara ji, kafin uwa, kafin malama, kafin likita. Ta san alamomin, ta san ƙofar da za ta buga, ta san cewa faɗa wa babba ba cin amana ba ne.

Ba wanda ya ce kashe kai halal ne. Allah Ya hana a Suratun Nisa'i, aya ta 29, kuma a ayar Ya ce Shi Mai jinƙai ne a gare mu. Amma ciwon damuwa ciwo ne, kamar hawan jini da ciwon suga, yana kama mai sallar dare yana kama mai wasa da salla. A Sahihu Muslim akwai labarin mutumin da ya yi hijira tare da Ɗufailu ɗan Amru, ciwo ya tsananta masa a Madina har ya yi sanadin ajalinsa da hannunsa, kuma Annabi (SAW) ya roƙa masa gafara. Shi ma za ka ce bai san Allah ba? Sannan Abu Zaid al-Balkhi, malamin Musulunci da ya rasu a shekarar 934, ya rubuta bambancin baƙin cikin da ke da dalili da wanda ke sauko wa mutum haka kawai, ya kuma faɗi yadda ake jinyar kowanne. Ba daga Turai ilimin ya fara ba.

Ka ce magana a kan abin ita za ta saka wa yara shi a rai. Masu bincike sun daɗe da gwada wannan, tambayar yaro ko yana tunanin mutuwa ba ta tura shi ga mutuwa. A wani gwaji da aka wallafa a 2015, kan ɗalibai kusan 11,000 a ƙasashen Turai 10, darasin awa biyar kacal ya rage yunƙurin kashe kai da kusan rabi cikin shekara guda. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum 700,000 ke mutuwa ta wannan hanya duk shekara, kuma rabin lalurorin ƙwaƙwalwa kafin shekara 14 suke somawa, wato lokacin da yaro yake hannunmu a ƙaramar sakandare.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya ya wuce kai. Likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasar nan ba su kai 300 ba, ga mutum sama da miliyan 200. Shugaban ƙasa na lokacin, Buhari, ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a farkon 2023, ta maye gurbin ta 1958, amma sashe na 231 na Penal Code, dokar hukunta laifuka ta Arewa, ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara guda ga wanda ya yi yunƙurin kashe kansa ya tsira. Wane uba ne zai kai ɗansa asibiti yana fargabar 'yan sanda? Mu kuma mun mayar da sunan asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau abin zagi, alhali can da sashen ƙwaƙwalwa na Asibitin Malam Aminu Kano ne ake duba 'ya'yan mutane su warke su koma karatu. Ina koyar da yara sama da ɗari a aji ɗaya. Ofishin ba da shawara an cika shi da karyayyun kujeru. Duk lokacin da sakamakon jarrabawar kwalifayin ko JAMB ya fito, akwai fuskokin da nake bi da kallo gabana na faɗuwa, ga masu kwankwaɗar maganin tari mai kodin da gwamnati ta hana tun 2018 amma bai ɓace daga lunguna ba.

Ranar Alhamis bayan la'asar zan gabatar da darasin farko a gaban kwamiti, tare da limamin makaranta da wata ma'aikaciyar jinya. Mahaifiyar ɗalibar nan ta ce za ta zo ta yi magana da bakinta. Na sa a ajiye maka kujera, Alhaji. Ka zo ka maimaita tambayarka a gabanta.

Wassalam,
Malamar 'ya'yanka.