Ɗana, Ina Kore a Farantinka?

Assalamu alaikum ɗana,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya. Ya aiki, ya kuma zaman kaɗaici? Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah. Mahaifinka yana gaishe ka, ƙannenka ma haka.

Maganar cikinka ce ta sa na rubuto. Duk sanda na tambaye ka me ka ci, amsar ba ta wuce uku: shinkafa da miya, taliya da ƙwai, burodi da shayi. Ban ce ba abinci ba ne, suna kashe yunwa. Amma ka dubi farantin da kyau, daga fari sai ja. Ina kore?

Na san abin da za ka ce, ai akwai tumatir da albasa a cikin miyar. Akwai kam. Sai dai tumatir huɗu da albasa ɗaya da aka markaɗa, aka yi miyar da za a yi ta ɗumamawa har kwana uku, nawa ne rabon kowane faranti? Tun a rahoton da ta fitar a 2003 tare da Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, Hukumar Lafiya ta Duniya ke cewa babban mutum ya riƙa cin aƙalla giram 400 na kayan lambu da 'ya'yan itace a kullum. An saba raba shi gida biyar, kowane kashi giram 80. Kada ka ce sai ka sayi sikeli, ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima: matsakaicin tumatir guda kashi ɗaya ne, haka cokali uku na cin abinci cike fal da dafaffen karas ko koren wake. Kuma tun kafin ka yi mini wayo, dankali da rogo da sauran saiwoyi masu sitaci ba sa cikin lissafin. Soyayyen dankalin nan da kake so, layinsu ɗaya da shinkafa.

Amfanin ba ɓoyayye ba ne. Ganye da kayan lambu suna da harza, wadda ke sa bayan gida ya fita babu nishi, ta kuma rage saurin da suga ke hawa a jini bayan an ci abinci. Suna da sinadarin fotasiyam mai taimakawa wajen saisaita hawan jini, ga bitamin iri-iri. An daɗe da lura cewa masu yawan cin su sun fi tsira daga ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Kai yanzu jini na tafasa, ba ka jin komai. Su kuwa waɗannan cututtuka ba rana ɗaya suke zuwa ba, a hankali suke taruwa tun mutum yana ganin kansa garau.

Yanzu ga ainihin abin da nake so ka riƙe. Kada ka ce za ka sauya tsarin cin abincinka gaba ɗaya. Masu tashi da zafi su ce daga yau sai haɗin salak safe da dare, mako guda suke yi su koma gidan jiya, latas ɗin ya ruɓe a firij. Ka bar abincinka yadda yake. Tukunyar da ka riga ka ɗora, ita za ka ƙara wa kaya.

Ɗauki taliyar nan taka. Ruwa yana kan wuta, kai kana tsaye kana latsa waya kana jira ya tafasa. To a wannan tsayuwar ce za ka yanki rubu'in kabeji, ka kifa shi a kan katako, ka yanka siriri-siriri, ka kankare karas guda ka goga shi a magogi. Sai taliya ta kusa nuna, saura kamar minti biyu, ka watsa su ciki ka juya ka rufe. In ka buɗe za ka ga kabejin ya risina amma bai mutu ba, kana tauna shi yana ƙaras-ƙaras. Ba ka ƙara tukunya ba, ba ka ƙara wanke-wanke ba sai wuƙa da magogi. Ƙwai ma haka. Kafin ka fasa shi a kasko, fara soya albasa da tattasai da tumatir, ka zuba alayyafo cike da hannu biyu. Za ka ga ya cika kaskon har kana tsoron ya yi yawa, ka ba shi minti ɗaya ka gani, zai koma ɗan mitsitsi. Wannan ne ya sa kullum nake cewa ganye a zuba shi da hannu sake. Shinkafa kuwa, idan ruwanta ya kusa tsotsewa, ka zuba yankakken karas da koren wake a samanta, kada ka juya, ka mayar da murfi, tururin ya ishe su. Miya in ta yi kauri da kabewa ko yalo ko kuɓewa ta fi auki, ba kuma sai ka cika mata mai ba.

Da safe ma ba a rasa hanya. Yankan tumatir ko kokwamba a tsakiyar burodi ba ya cin minti biyu. Wanda ya fita da kashi ɗaya a cikinsa ya rage wa dare aiki.

Inda mutane da yawa ke ɓata rawarsu da tsalle shi ne wurin dahuwa. A cika tukunya da ruwa, a tafasa ganye har ya yi baƙi ya yi laɓo-laɓo, sannan a tsiyaye ruwan a zubar. Bitamin C da folet, wani nau'in bitamin B, suna narkewa a ruwa, zafi mai tsawo kuma yana lalata su, ka ga an zubar da mai amfanin an ci saura. Shi ya sa ganye ne ƙarshen shiga tukunya, ruwa kaɗan, lokaci kaɗan, ko kuma a turara shi. In ka tafasa, ruwan ya shiga miya. Kada kuma wani ya koya maka zuba bekin soda don ganye ya yi kore shar, kyan ido ne kawai, bitamin ɗin take kashewa. Amma kada ka ɗauka ɗanye ne kaɗai mai amfani. Tumatir in an dafa shi jiki ya fi samun sinadarin da ke ba shi launin ja, karas da kabewa kuwa suna son ɗan mai kafin jiki ya iya jan abin da yake mayarwa bitamin A. Ɗan mai na ce, ba ambaliya ba. Wani abu kuma da ya shafe ka kai tsaye, tunda kai ba ka rabuwa da kofin shayi: shayi yana rage yawan sinadarin ƙarfe da jiki ke ɗauka daga ganye da wake, matsin lemon tsami kuwa ƙara shi yake yi. Ka matsa lemon a kan abincin, shayin ya jira awa guda.

Gishiri da dunƙulen ɗanɗano ka sassauta musu. Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ci bai kai giram 5 na gishiri a yini ba, wato ƙaramin cokalin shayi bai cika ba, har da wanda ke ɓoye cikin burodi da ƙullin da ke zuwa a ledar taliya. Tafarnuwa da citta da barkono za su rufa maka asiri.

Sai maganar saye da ajiya, don na san a nan ne gwauro ke karaya. Kada ka jido kaya kamar mai shirin biki. Ka haɗa masu jure zama, irin su kabeji da karas da albasa da kabewa, da masu saurin yaushi irin alayyafo da latas. Masu yaushin su ne na kwana biyun farko, sauran su kai ka ƙarshen mako. Ranar da ka sayo, tun kafin ka zauna, ka tsince ganyen, ka wanke da ruwa mai tsabta, ka bar shi a kwando ya tsane sarai, sannan ka naɗe shi a busasshen ƙyalle ka sa a firij. In ka ajiye shi a jiƙe ruɓewa zai yi. Ka kuma raba shi da ayaba da tuffa da nunannen tumatir, suna fitar da wata iska da ke sa ganye saurin yin rawaya. Karas da tattasai ka yanka na kwana biyu ka zuba a mazubi mai murfi, ka ajiye shi a gaba-gaba inda idonka zai fara sauka. Mutumin da ya dawo aiki a gajiye ba ya neman wuƙa, abin da ya tarar a yanke shi yake zubawa. Kada kuma ka raina daskararrun kayan lambu na leda, ana daskarar da su ne jim kaɗan bayan an tsinko, amfaninsu bai yi nisa da na sabbi ba. Na gwangwani ka tsiyaye ruwan ka ɗauraye saboda gishiri. Katakon da ka yanka ɗanyen nama a kai kuwa, kada ya ga abin da za ka ci ɗanye sai an wanke shi da sabulu.

In kana cin abinci a waje, buɗe baki ka ce a rage maka shinkafa a ƙara ganye. Ba rowa ba ce, ba kuma abin kunya ba ne.

Kwanakin farko cikinka zai iya yin ƙugi ko ya ɗan kumbura, musamman da kabeji da wake. Ba ciwo ba ne, hanji ne bai saba ba. Ka riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan, ka yawaita shan ruwa, zai lafa. Abokin zamanka da ka ce yana fama da ciwon ƙoda kuwa, kada ka ɗora shi a kan wannan shawara tawa sai ya tambayi likitansa, don su akan taƙaita musu fotasiyam.

Ka gaishe min da shi, da sauran abokan aikinka. Allah ya yi maka albarka, ya tsare min kai.

Mahaifiyarka.