Buguwar kai ba abin raini ba ce

Ranka ya daɗe Edita,

Ina neman ɗan fili in ja hankalin jama'a kan raunin ƙwaƙwalwa, musamman 'yan acaɓa da ke yawo ba hular kwano.

Raunin iri biyu ne. Akwai na bugu, irin hatsarin babur, faɗowa daga bishiya ko dukan sanda a ka. Akwai kuma wanda ba bugu: shanyewar ɓarin jiki, sanƙarau, hayaƙin janareto a rufaffen ɗaki. In ƙwaƙwalwa ta rasa iska kamar minti 5, ƙwayoyinta sun fara mutuwa.

Mafi yaudara shi ne zubar jini cikin ƙoƙon kai. Mutum ya faɗi, ya suma, ya farfaɗo, ya kakkaɓe riga har da raha, a ce Allah ya tsare. Alhali jijiyar da ke gefen kai ta tsage, jini na taruwa, ƙashin kai kuwa ba ya buɗewa, sai jinin ya danne ƙwaƙwalwa cikin 'yan sa'o'i. Tsofaffi kuwa nasu a hankali yake tsiyaya, sai bayan makonni su fara rikicewa, a ce tsufa ne ko iska.

In mutum ya bugu a ka, da an ga yawan amai, barci mai nauyi, jijjiga, ko ruwa garai-garai daga hanci ko kunne, a garzaya asibitin da ke da na'urar CT mai ɗaukar hoton cikin kai. Kada a lanƙwasa wuyansa wajen ɗauka, kada a ɗura masa ruwa, kuma ban da asfirin, domin yana ƙara zubar jini.

Naka,
Mai karatu daga Kano