Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Firimiyan Bavariya: kada ka bari a kashe ARD alpha

Mai girma Firimiya Markus Söder,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Ni mazaunin jiharka ne, ina aikin jinya a wani gidan kula da tsofaffi, kuma kamar kowane gida a Jamus ina biyan Yuro 18.36 duk wata, kuɗin rediyo da talabijin na jama'a. Wannan kuɗin ne ya ba ni bakin magana a kan tashar ARD alpha.

Ka fi ni sanin abin da kuka yi a Leipzig a watan Oktoban 2024. Ku shugabannin jihohi 16 kuka zauna, kuka yanke cewa a cikin tashoshi huɗu, wato phoenix da tagesschau24 da ZDFinfo da ARD alpha, biyu kaɗai za su rage. Na san amsar da ofishinka zai ba ni: ai mu ba mu kira sunan kowa ba, ARD da ZDF, manyan gidajen talabijin na jama'a masu waɗannan tashoshi, su ne ke da zaɓi. To ranka ya daɗe, maigidan da ya rage tuwo ya ce yara su sasanta a tsakaninsu, ya riga ya san wanda zai kwana da yunwa. Tashar phoenix tana nuna zaman majalisa, kuma babu ɗan siyasar da zai yarda a rufe inda ake ganin fuskarsa. ZDFinfo tana da masu kallo da yawa. Ita alpha fa, wa gare ta? Ɗalibai, da tsofaffi, da baƙi masu koyon harshe. Waɗannan kuwa ba su da kujera a teburin da ake yanke shawara.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, wannan tashar taku ce. A nan Bavariya aka haife ta. Tun a 1967 gidan Bayerischer Rundfunk, wato gidan rediyo da talabijin na Bavariya da ke Munich, ya fara shirin Telekolleg na karatu ta talabijin, domin magini da akanta da matar gida da karatu ya wuce su su zauna gaban akwati da littafi, su yi jarrabawa, su sami takardar shaida ta gaske wadda hukuma ta amince da ita. A kan wannan harsashi aka buɗe BR-alpha ranar 7 ga Janairun 1998, tasha guda sukutum ta ilimi, sannan a 2014 aka sauya mata suna zuwa ARD-alpha, ta zama ta ƙasa baki ɗaya amma ragamarta na hannun Munich. Kai da kanka a wannan gidan ka koyi aikin jarida a farkon shekarun 1990, kafin siyasa ta ɗauke ka. Ba sai an yi maka bayanin ma'aikatan da ke can ba.

Ka tuna alpha-Centauri? Farfesa Harald Lesch ne tsaye shi kaɗai, da allo da alli, cikin aji mai tsofaffin kujeru babu ɗalibi ko ɗaya. Minti goma sha biyar yana amsa tambaya guda: me ya sa dare yake da duhu, yaya tauraro yake mutuwa. Babu kiɗa, babu walƙiya, babu baƙi shida suna katse juna. Daga 1998 zuwa 2007 aka yi shi, har yau ana maimaitawa, har yau ana kallo. A kan irin waɗannan shirye-shirye na gyara Jamusancina, domin a can ne kawai na sami mutum yana magana a natse, yana maimaita abin da ya faɗa, yana rubuta kalmar a allo in gani. Bajamushen kasuwa da na tashar jirgin ƙasa ba shi da wannan haƙurin.

Sai Space Night, hotunan duniya daga sararin samaniya da ake sakawa cikin dare. A 2013 aka so dakatar da shi saboda kuɗin haƙƙin kiɗa ya tashi. Masu kallo suka yi caa, aka koma aka samo kiɗan da masu shi suka ba da kyauta, shirin ya dawo. Ya kamata wannan ya nuna muku cewa mutanen nan suna nan, shiru kawai suke yi. Ina mamaki ƙwarai, mai girma, cewa mutumin da ya ƙaddamar da Bavaria One a 2018, ya yi alkawarin sama da Yuro miliyan 700 domin binciken sararin samaniya, har Jamus ta sha dariya da tambarin nan mai ɗauke da fuskarsa, shi ne zai naɗe hannu ana shirin kashe tashar da ke sa yaro ya ɗaga kai ya kalli taurari. Su injiniyoyin da za su harba maka tauraron ɗan'adam ɗin, daga sama za su faɗo?

Za ku ce komai zai koma intanet, yana nan a Mediathek, rumbun shirye-shiryen ARD na intanet. Zo ka yi aikin dare ɗaya tare da mu. Ƙarfe uku na dare za ka tarar da dattijon da barci ya ƙaurace wa, hannunsa na rawa, lamba biyu kawai ya haddace a kan rimot. Ya danna, duniya ta bayyana shuɗiya tana juyawa a hankali, numfashinsa ya daidaita. Shi za ka ce wa ya buɗe manhaja ya rubuta sunan shiri? Ban da haka, a intanet abin da ka riga ka sani kake nema. A tasha kuwa kana laluben wani abu sai ka faɗa darasin lissafi ko na tarihi, ka tsaya. Wanda bai taɓa jin sunan Telekolleg ba, ba zai taɓa rubuta shi a wurin bincike ba.

Maganar tsimi kuma ba ta shiga kaina. Yawancin abin da alpha ke nunawa an riga an biya kuɗinsa tuntuni. In da gaske kuɗi kuke nema, ku duba abin da ake kashewa wajen sayen haƙƙin nuna ƙwallo, da albashin manyan shugabannin gidajen. Kun ƙi amincewa da ƙarin santi 58 a kan kuɗin wata da hukumar KEF, mai tantance buƙatar kuɗin gidajen, ta ba da shawara, har ARD da ZDF suka kai ƙara kotun tsarin mulki. Wannan rigimarku ce, ku ƙarata can.

Don Allah, mai girma. Sashe na 3 na tsarin mulkin Bavariya ya kira ta jihar shari'a da al'adu da walwalar jama'a, kuma kana yawan tuna mana cewa ilimi ne arzikin wannan jiha. Ina roƙonka ka fito fili ka ce Bavariya ba ta yarda a rufe tasharta ta ilimi ba. In kuwa hakan ya gagara, to a rubuta a doka cewa duk tashar da ta rage za ta ware sa'o'i na darasi kowace rana, da rana tsaka ba sai ƙarfe biyun dare ba, a bar tsarawar a hannun ma'aikatan Munich da suka san aikin, kuma a ajiye tsofaffin darussan a Mediathek ba tare da ranar gogewa ba. Ka ba mu amsa a gaban majalisar jiha, inda za a rubuta ta.

Naka,
Wani mai biyan kuɗin talabijin a Bavariya