Ƙarancin kalsiyam ba maganar madara ba ce kawai

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ban ji daɗin shirinku na kiwon lafiya na ranar Asabar ba, musamman inda baƙonku ya nace cewa duk wanda kalsiyam ya yi ƙaranci a jikinsa, ya sha nono da madara, ya sayi ƙwayoyi a kemis, magana ta ƙare. Wannan bayani ya yi gajarta ƙwarai, kuma yana iya jefa masu sauraro cikin haɗari.

Kusan kashi 99 cikin ɗari na kalsiyam ɗin jiki yana cikin ƙashi da haƙora ne, ɗan abin da ke yawo a jini kuwa wasu ƙananan gaɓoɓi huɗu ne da ke manne a bayan tayirod, wato gaɓar wuya da kan kumbura ta zama maƙoƙo, ke daidaita shi, kowace ba ta fi ƙwayar shinkafa girma ba, ana kiransu paratayirod. Idan ya sauka, su ne ke sa ƙashi ya saki kaɗan, ƙoda ta rage zubar da shi a fitsari, ta kuma ƙarasa sarrafa bitamin D domin hanji ya iya tsotso shi daga abinci. Saboda haka mai ciwon ƙoda da ta daɗe, ko wanda waɗannan gaɓoɓi suka samu rauni, ko ya shanye ƙwaryar fura da nono kullum ba lallai jininsa ya daidaita ba.

Ƙanwata aka yi wa aikin maƙoƙo. Bayan an sallamo ta sai leɓunanta suka fara sagewa, yatsunta suka ƙandare suka haɗe wuri ɗaya, babban yatsa ya lanƙwashe cikin tafin hannu, har cokali ya gagare ta riƙewa. Mutanen gida suka ce iska ce, aka shiga hayaƙi da tofi, alhali gwajin jini ɗaya ya nuna wa likita cewa an taɓa paratayirod wajen aikin. Sai da aka yi mata ƙarin kalsiyam ta jijiya hannun ya saki, kuma har yau tana shan magani tare da zuwa awon jini. Mata nawa ne ake yi wa irin wannan aiki a ƙasar Zazzau, amma baƙonku bai ga ya dace ya ambaci ko alama ɗaya daga cikin waɗannan ba? Ko jijjiga da rikicewar bugun zuciya da kan biyo baya idan abin ya tsananta, bai faɗa ba.

Ina roƙo ku sake shirin, ku gayyato likitan da ya ƙware a wannan fanni. Sannan, don Allah, ku rage tallar masu maganin gargajiya da kuke katse shirin da ita, domin ba daidai ba ne likita na tsakiyar magana a sako wanda ke iƙirarin warkar da ciwon ƙoda da ruwan jarka ɗaya.

Wassalam.

Mai sauraronku,
Tudun Wada, Zariya