Wasiƙa daga bakin Kogin Ganga

Ango na kaina,

Assalamu alaikum. Ya amarya, ya sanyin Kano? Na san kana ƙullace da ni, wata huɗu shiru. To kai ma tun da aka kai maka amarya ka manta hanyar majalisa, labari ya iso mini har Indiya. Bari in sauke abin da ke raina.

Hutun nan na hau jirgin ƙasa daga Delhi zuwa Banaras, da kyamarar da ka ce na yi asarar kuɗi a kanta. Kullum da faɗuwar rana, a matattakalar Dashashwamedh da ke gangarawa Kogin Ganga, samari bakwai cikin kayan siliki suna ɗaga fitilun tagulla masu hawa-hawa, suna juya su ta fuskar kogi, ana kaɗa ƙararrawa, ana busa ƙatuwar katantanwa, ƙamshin kafur da man shanu ya cika wurin. Arti suke kiran wannan ibada.

Dare biyu wutar nan tana ba ni wahala. In na saita don fuskoki su fito, harshen wutar ya zama fari fat. In na bi wutar, mutanen su koma inuwa. Filasha kuwa kashe hoton take yi gaba ɗaya, ga kwale-kwalen da nake ciki yana ta rawa. Sai a dare na uku na dace, daidai lokacin da sama ke da sauran shuɗi. Fuska ta fito, wuta ta fito ja-wur da hayaƙinta. Wallahi sai da na yi hamdala a fili.

Ka tuna yadda muke yi wa Yaya Babba tsiya in ana zagaya wuta sau bakwai a fim ɗin Indiya? Ashe a wurin mabiya addinin Hindu wutar ce shaidar auren. Agni suke kiranta, da yabonta ma littafinsu Rigbeda ya buɗe, kuma sun ɗauka ita ke kai hadayarsu sama. Sun ce jikin mutum daga abu biyar yake: ƙasa, ruwa, wuta, iska da sarari, kuma can zai koma.

Da safe mai kwale-kwale ya bi da ni ta Manikarnika, inda ake ƙona gawa dare da rana. Mutanen Dom, waɗanda suka gaji wannan aiki, ke riƙe da wutar wurin, daga hannunsu ake karɓa, babban ɗan mamaci ya kunna da kansa, kai a aske, cikin farin ƙyalle. Na kai hannu ga kyamara, mutumin ya girgiza kai. Take na tuno ranar jana'izar Baba, da yaron nan da ya ɗaga waya a maƙabarta, da yadda ka riƙe mini hannu. Aƙidarsu daban, tawa daban, ina kan tawa daram. Amma kukan maraya na san shi. Na mayar da kyamarar jaka, ban sake fiddo ta ba ranar.

Af, wai da gaske ne Sarkin Gardama ya sayar da babur ya shiga kiwon kaji? Allah ya sa albarka, amma ka sa masa ido. Idan ƙanen Hajiya zai taho asibiti wata mai zuwa, a haɗo mini yaji da kilishi, kuka ma ta ƙare.

Gai da amarya da su Inna.

Naka har kullum,
Mai Hoto