Kafin a fesa wa tururuwar gonar koko magani

Malam Edita, assalamu alaikum.

Muna neman fili a jaridarka mu ja hankalin 'yan'uwanmu masu aikin gonar koko a yankin Ashanti na ƙasar Ghana. Da yawa da zarar sun ga tururuwa a kan bishiya sai su ɗauko famfon feshi, alhali tsarin gidan kowane iri shi ke nuna ko za a kashe shi ko a raine shi.

A gidan tururuwa, ƙwan da sarauniya ta haɗa da maniyyin namiji mace yake zama, wanda ba ta haɗa ba ya zama namiji. Wannan gado ne. Amma ko macen za ta tashi sarauniya ko ma'aikaciya, a yawancin iri abincin da ta samu tana tsutsa ne da yanayin zafi ke yanke hukunci. Akwai inda gado ya fi rinjaye: a 2013 masana suka gano cewa a jikin Solenopsis invicta, wata tururuwa 'yar asalin Kudancin Amurka, wani dunƙulen ƙwayoyin gado sama da 600 ne ke sa gida ya zauna da sarauniya ɗaya ko ya karɓi masu yawa.

Wadda muka fi so a raina ita ce jar tururuwar nan mai ɗinka ganye da zaren bakin 'ya'yanta, Oecophylla longinoda. Gidanta babba sarauniya ɗaya gare shi, amma sheƙoƙinsa na bazuwa a bishiyoyi da dama. Tana farautar akate, ƙwaron da ke tsotse 'ya'yan koko da ƙananan rassa. In rassan bishiyoyi ba su haɗu ba, a ɗaura igiya daga wannan zuwa waccan don ta tsallaka. Kafin a ɗaura, a ɗebi kaɗan daga bishiya ɗaya a zuba kan ɗayar. In suka kama faɗa, gida biyu ne, haɗa su asara ce ga duka biyun. Wanda ya ɗauko sheƙa daga wata gona ba tare da sarauniya ba, zai ga ma'aikatan suna raguwa har su ƙare, domin babu mai sa ƙwan da zai maye gurbinsu. Da rani a ajiye musu ruwan sukari da hanjin kifi. Cizon da ake kuka da shi lokacin girbi, toka a hannu da ƙafa na rage shi sosai.

Baƙar nan mai ɗaga gindi sama, Crematogaster, ita ce abin tsoro. Tana gina rumfa a kan fararen ƙwarin da ke yaɗa cutar kumburin reshe, cutar da aka fara ba da rahotonta a Yankin Gabas a 1936, aka kuma buɗe cibiyar bincike ta Tafo a 1938 don yaƙarta. Feshi bai cika ratsa wannan rumfa ba. Ja da baƙa ba sa zaman bishiya ɗaya, kowacce da iyakarta, saboda haka wanda ya kashe ja ya buɗe wa baƙa ƙofa.

Muna roƙon hukumar koko ta Ghana, COCOBOD, ta koya wa ma'aikatan feshinta bambanta waɗannan biyun, a kuma riƙa ɗaura ƙyalle a bishiyar da ke ɗauke da sheƙar ja domin mai feshi ya tsallake ta.

Wasu malaman gona,
Kumasi.